Tsofaffin kuɗin ƙetare: wanne ya cancanci a kai shi tantancewa, wanne za a bari a gida

Bayan sadakar arba'in ɗin kakarmu aka buɗe adudunta, aka tarar da gwangwanin alewa a can ƙasa, naɗe cikin tsohon ɗankwali. Kawunmu ya buɗe, ya leƙa, ya miƙo mini. Kowa a gidan ya san tun ina firamare nake tara tsabar kuɗi. Ya ce, "Ɗana, je ka gano mana darajar abin da ke ciki kafin a raba, kada mu ci haƙƙin wani."

Akwai kwabo mai huji fiye da ashirin, da anini, da sulalla, da riyal na azurfa da ta taho da su daga aikin hajji, da liyari uku masu kan Sarauniya Mariya Tereza, sai fam biyu na zinariya na Ingila ƙulle a ƙyalle. Wannan gwangwanin ne ya sa na fara aika kuɗi waje a tantance. Na aika huɗu, ɗaya kacal kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Abin da na koya a kan sauran ukun shi ne dalilin wannan rubutu.

Ga wanda bai san harkar ba, tantancewa ita ce ka miƙa kwandalarka ga kamfanin da ba shi zai saya ba, ƙwararrunsa su duba su ce ta gaske ce ko jabu, su ba ta maki gwargwadon yadda ta suɗe, sannan su saka ta cikin gidan roba mai tauri garai-garai, su liƙe shi yadda ba ya buɗuwa sai an fasa. A jikin robar akwai 'yar takarda mai ɗauke da sunan ƙasa, da shekara, da maki, da lambar rajista. Kamfanoni biyu ne kasuwar duniya ta fi yarda da su, dukkansu na Amurka: PCGS da aka kafa a 1986 yana Kalifoniya, da NGC da aka kafa a 1987 yana Sarasota a jihar Fulorida. Makin daga 1 ne zuwa 70, tsarin da William Sheldon ya fito da shi a 1949 don tsofaffin kwabban Amurka, daga baya aka shimfiɗa shi a kan kuɗin kowace ƙasa. Daga 60 zuwa 70 na kwandalar da ba ta taɓa yawo a hannun mutane ba ne, ana rubuta MS a gabansu. Daga 50 zuwa 58 ana rubuta AU, wato ta ɗan taɓu kaɗan. Ƙasa da haka kuwa sai yadda suɗewa ta yi da ita.

Abu na farko da nake so ya zauna maka shi ne robar nan ba ta ƙara wa kwandala komai a jikinta. Amfaninta na wurin baƙon da ke nesa ne, wanda bai san ka ba, bai riƙe abin a hannunsa ba, yana tsoron cinikin biri a sama. Shi ne zai ƙara kuɗi saboda wani da ya yarda da shi ya duba masa. Don haka kafin ka tambayi nawa ake biya, tambayi kanka wa zai saya. In amsar ita ce 'yan gwal na garinku, ka riƙe kuɗinka. Na taɓa nuna wa wani dattijo mai sayen zinariya fam ɗina a cikin robarsa. Ya jujjuya shi, ya ɗora a sikeli, ya sauke, ya ce, "Alhaji, ni roba ba na saye. In sayarwa za ka yi, fasa mu auna." Kuma gaskiyarsa ce, don shi giram yake saye, ba shekara ba. Wanda zai biya kuɗin maki yana gidajen gwanjo na Amurka da Turai da Hong Kong, ko a kasuwar intanet ta eBay.

Ka fara gane abin da ke hannunka

Yawancin aikin a gida ake yinsa, kuma kayan aikin ba su da tsada: ƙaramin sikelin lantarki mai nuna lamba biyu bayan ɗigo, irin na maƙeran zinariya, da gilashin ƙara girma mai ninki goma, da maganaɗisu mai ƙarfi, da abin awon faɗi. Ka nemi kwandalar a shafin intanet na Numista da sunan ƙasa da shekara, zai ba ka nauyinta da faɗinta da irin ƙarfen da aka yi ta da shi da yawan da aka buga.

Fam na zinariya na Ingila nauyinsa giram 7.98 ne, karat 22, zinariya zalla a cikinsa giram 7.32. Ɗaya daga cikin na kakarmu na Sarki George na Biyar ne, 1917. Da na karanta cewa fam na 1917 da aka buga a Landan yana cikin masu wuyar samu, daren nan ban yi barcin kirki ba. Na Landan ba shi da wani harafi na alama. Waɗanda aka buga a rassa kuwa suna da shi: S na Sydney, M na Melbourne, P na Perth, C na Ottawa, I na Bombay, SA na Pretoria. Harafin ɗan mitsitsi ne, yana bayan kwandalar, a kan 'yar ƙasar da ke ƙarƙashin kofaton doki, daidai saman shekara. Da ido ban ga komai ba. Da gari ya waye na fita tsakar gida da gilashi, na karkata shi wajen rana, sai ga P a kwance cikin dauɗar shekaru. Na Perth ne, an buga su da yawa, kuɗinsa kuɗin zinariyarsa ne da ɗan abin da ba a rasa ba. Minti biyar da gilashi suka hutar da ni aika shi. Da kuma babu harafin, to dole ne a aika, domin 1917 maras harafi yana cikin waɗanda aka fi yi wa jabu, kuma babu mai hankalin da zai saya ba tare da shaida ba.

Liyari kuwa ita ce na yi wa garaje. Na ga 1780 a jiki, na ce wannan ta haura shekara ɗari biyu, na saka wadda ba ta da kunnen ratayawa cikin waɗanda za a aika. Abin da ban tsaya na karanta ba shi ne Mariya Tereza ta Ostiriya ta rasu ne a 1780, kuma tun daga lokacin duk wadda aka buga wannan shekarar ake saka mata, domin fatake a ƙasashen Larabawa da Habasha da nan ƙasar Hausa ba sa karɓar wadda ta sauya kama. An buga ɗaruruwan miliyoyi, a Vienna da Landan da Paris da Rum da Bombay da wasu wurare, har gobe ma ana bugawa a Vienna. Nauyinta giram 28.07, azurfa zalla a ciki giram 23.39. Tawa ta dawo cikin roba mai kyau, da rubutu cewa bugun baya ce mai ɗauke da 1780. Abin da na kashe mata ya kusa kai kuɗinta gaba ɗaya. Akwai nau'o'in farko masu tsada, ana gane su ta ƙananan alamomi a tsinken kafaɗar sarauniya da haruffan da ke ƙarƙashinta, amma wadda ta fito daga adudun tsohuwa a ƙasar Hausa kusan kullum ta fatauci ce.

Haka kwabo mai huji na 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas. Mutane suna jin cewa bai shekara a kan gado ba ya yi murabus, sai su ɗauka sun tsinci dami a kala. Ingila ba ta fitar da kuɗi da sunansa don kashewa ba, amma Afirka ta Yamma ta Ingila ta fitar da kwabo da ɗari da anini, da yawan gaske, kuma mutane sun ɓoye su tun a lokacin. Abin tarihi ne mai daɗin riƙewa, ba na aikawa ba ne.

Kada ka wanke

Nan ne na fi so ka tsaya. Cikin sulallan akwai ɗaya na azurfa na 1913, mai hoton bishiyar kwakwa a baya, cikin na farko da Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma ta fitar bayan kafa ta a 1912. Bai suɗe ba ko kaɗan, gashin sarki da ganyen bishiya duk a tsaye, sai dai ya yi baƙi-baƙi. Na ɗauko toka da lemon tsami na dirje shi yadda ake wa tasa, ya fito fari tas. Garin neman gira na rasa ido. Na aika shi, ya dawo ba maki, sai kalmar Details da Cleaned a jikin takarda, ma'ana na gaske ne amma an taɓa fuskarsa, don haka ba za a ba shi maki ba. Masu saye suna rage kuɗi sosai a kan irin wannan, kuma rubutun yana nan manne da shi ga duk wanda ya ɗauka.

Da na duba da gilashi na ga abin da suka gani: siraran layuka birjik, duk sun nufi gefe guda, inda yatsana ya bi. Baƙin da na kankare shi ne abin da masu tarawa ke so, domin shi ke nuna ba a taɓa shi ba. Toka, omo, man goge baki, man goge ƙarfe, ruwan batir, har goge da gefen riga, duk suna barin tabo, kuma ba ya gyaruwa.

Ba wanki kaɗai ke jawo wannan hukunci ba. Huji, kunnen da maƙeri ya liƙa don a rataya a wuya, wurin da aka cire kunnen, lanƙwasa, tsatsa mai cin jiki, karce mai zurfi, da gefen da aka goga a dutsen gwaji. Wannan na ƙarshe ka kiyaye shi: in ka kai fam wurin 'yan gwal don jin farashi, ka ce a auna kawai, kada a goga, kada a ɗiga masa ruwan gwaji. Kuɗin da suka zauna a hannun iyayenmu mata galibi ado aka yi da su, saboda haka ka zagaya bakin kowace kwandala da gilashi, musamman daidai saman kai, ka nemi wurin da ya yi santsi ko launinsa ya bambanta.

Hanyar gane wadda ba ta yi yawo ba kuwa, ka kashe fitilun ɗaki ka bar ƙwai ɗaya, ka riƙe ta ta baki, ka karkata ta a hankali. In sabuwa ce, za ka ga ƙyalli yana kewaya fuskarta kamar hannun agogo. In ƙyallin ya yanke a kan kunci ko gashi ko duk wurin da ya fi tudu, ta taɓu. In ko'ina yana walƙiya bai ɗaya kamar cokali, goge ta aka yi.

Lissafi

Kuɗin da ke rubuce a shafin kamfani ba shi ne abin da za ka kashe ba. Ana biya ne hawa-hawa gwargwadon darajar da ka ce kwandalar tana da ita, lokacin da na aika mafi araha ya kai dala ashirin da wani abu kan kowace ɗaya, yana hawa in darajar ta hau. A kan wannan ka ɗora kuɗin zama mamba na shekara, ko ladan dillalin da ke da rajista da su in ta hannunsa za ka bi, da kuɗin karɓar kaya, da kuɗin aikawa, da na dawowa, da inshora zuwa da komowa, da abin da kwastan za su nema. Galibinsu da dala ko fam ko yuro ake biya. In kuma gwanjo za ka kai daga baya, su ma suna da la'adarsu.

Sai ka nemo farashi biyu: nawa irinta ta tafi ba roba, nawa ta tafi da roba a makin da kake zato. Ka duba abin da aka saya a zahiri, ba abin da mai kaya ya yi wa kuɗi ba. A eBay akwai wurin da ake zaɓar waɗanda aka riga aka sayar, gidan gwanjo na Heritage kuma yana da rumbun tsofaffin cinikayyarsa. Makin da kake zato ɗin ka rage masa hawa ɗaya ko biyu, domin mai abu kullum yana ganin nasa ya fi yadda yake. In a wannan ragaggen makin bambancin farashin bai rufe duk abin da za ka kashe ba har ya bar riba, bar ta a gida. Ni dai yanzu in kuɗin aikin zai wuce kashi ɗaya cikin biyar na darajar kwandala, ba na aikawa, sai in maganar jabu ce.

Maganar jabu ita ce babban dalili na gaskiya. Ta uku cikin waɗanda na aika ba ta kakarmu ba ce, ni na saye ta a wurin wani mai tebur: dalar Sin mai kan Yuan Shikai, shugaban ƙasarsu na lokacin, irin ta 1914. Maganaɗisu bai kama ta ba, nauyinta ya yi kusa, sai na saki jiki. Ta dawo a 'yar leda, ba roba, an ce ba ta gaske ba ce, kuɗin dubawa kuma ba a mayarwa. Na ji zafi, amma gara da na sani kafin in sayar wa wani in ɗauki alhakinsa. Maganaɗisu yana kama jabun ƙarfe ne kawai, masu yi da tagulla ko ma da azurfar gaske suna wuce shi. Dalolin Sin, da dalar Morgan ta Amurka mai shekarun da ake nema irin 1893 mai harafin S, da fam na zinariya masu wuyar samu, waɗannan ba a sayensu da tsada sai da shaida, ba a kuma sayar da su da daraja sai da ita.

Wadda ta biya ita ce fam na biyu, na 1918 mai harafin I. A Bombay shekara ɗaya tak aka buga fam a wancan zamani, don haka masu tarawa na nemansa. Ya dawo da AU 58. Ribar ba ta taka kara ta karya ba, amma ya yi wani amfanin da ban yi tsammani ba: da muka zauna rabo, babu wanda ya ce na rage ko na ƙara. Kawu ya karanta takardar, na buɗe masa lambar a waya ya ga hoton fam ɗin da makinsa, aka yi masa kuɗi, aka wuce. In akwai gado da magada da yawa da zinariyar da ake shakkar ingancinta, wannan kaɗai ya isa dalili.

In ka yanke shawarar aikawa

Ka ɗauki hoton kowace ɗaya gaba da baya, ka rubuta nauyinta. Ka saka kowace a 'yar jakar roba mai aljihu biyu da ake yi don wannan aiki, irin mai ɗan tauri, ba mai laushi mai warin sabon labulen banɗaki ba, domin mai laushin tana fitar da wani kore-kore mai danƙo da ke cin ƙarfe. Kada ka sa salatif ko ƙusar matse takarda. A fom ɗin ka faɗi darajar gaskiya. In ka rage don ka biya kaɗan, za su mayar da kai hawan da ya dace, in kuma kaya suka ɓata, abin da ka rubuta shi ne iyakar diyyarka.

Hanya ita ce matsala mafi girma gare mu. Kamfanonin aika saƙo da yawa ba sa karɓar zinariya da tsabar kuɗi, wasu su karɓa amma ba diyya, saboda haka ka karanta sharuɗɗansu kafin ka miƙa. Ni ƙanena da ke karatu a Ingila ne ya tafi da su, ya miƙa ta hannun dillali mai rajista. NGC na da ofis a Landan da Munich, PCGS na da shi a Paris, wanda zai fi wa 'yan'uwa na Nijar sauƙi. Wanda zai ɗauka ya bayyana su a filin jirgi, ya riƙe takardar da ke nuna naka ne don dawowa. In abin tsoho ne ƙwarai ko an tono shi a ƙasa, ka fara tuntuɓar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, domin fitar da kayan tarihi daga Nijeriya sai da izininta. Ka tara da yawa ka aika lokaci guda don kuɗin hanya ya rabu a kansu, kuma ka shirya jiran makonni, wani lokaci watanni.

Ka kuma duba kasuwar da kake nufa. Amurkawa da masu saye a Sin sun rungumi roba sosai. A Ingila da Faransa har yanzu akwai dillalai da masu tarawa da yawa da suka fi son su riƙe kwandala a hannu su yi hukunci da idonsu, da nasu tsohon ma'auni. Faransawa, maimakon maki, haruffa suke rubutawa daga ƙasa zuwa sama: TB, TTB, SUP, SPL, FDC. In dalar azurfa ta faran biyar ce ta Faransa, mai giram 25, wadda ta sha hannu, dillalin Paris zai saye ta yadda take.

Makin nan kuma ra'ayin ƙwararru ne, ba awon sikeli ba. Akan fasa roba a sake aika kwandala ɗaya ta dawo da maki daban. Ita kanta robar ana yin jabunta. Duk wanda ya kawo maka kwandala a rufe, ka buga lambar a shafin kamfanin, kuma kada ka tsaya a kan lamba ta fito, domin masu jabu suna kwafar lambar gaske. Ka gwada hoton da ke shafin da abin da ke hannunka, ka nemi wani ɗan tabo ko ɗigo a hoton ka ga ko yana nan a daidai wurin.

Waɗanda suka rage a gida

In tsaro kawai kake nema, ba sai ka biya kuɗin tantancewa ba. Akwai ƙananan kwanson roba masu zagaye da ake sayarwa gwargwadon faɗin kwandala, kana buɗewa kana rufewa da kanka. Ka saka kowace ita kaɗai don kada su riƙa gogar juna, ka jera su a akwati mai murfi, ka jefa 'yan ƙunshin ƙwayoyin shan danshi irin da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi, ka riƙa sauya su in damina ta shigo. Kwabban jan ƙarfe su suka fi tsoron laima. Ka riƙa kamawa ta baki da busasshen hannu, don gumin yatsa yana zama tambari a fuska bayan 'yan watanni. Ka ajiye 'yar takarda kusa da kowace ɗaya: ƙasa, shekara, nauyi, da hannun wanda ta fito.

Liyari biyun masu kunne ba a yi musu kuɗin tarawa ba, kuɗin azurfarsu aka yi, suka faɗa rabon gwaggonmu. Ta sa maƙeri ya gyara kunnen ɗaya da ya ɗan buɗe, na roƙe shi kada ya wanke fuskar. Ta zura musu baƙin zare, ta ba jikarta ɗaya ranar kamu.